Tambaya da Amsa: Hawan Babur a Muku-mukun Sanyin Jos

Tun daga ƙarshen watan Nuwamba, da iskar hunturu ta kankama, yawancin wasiƙun da ke zuwa wa wannan fili daga Jos da garuruwan da ke kewaye da ita suka koma kan magana ɗaya, wato yadda mai babur zai isa inda za shi da sassafe ba tare da sanyi ya yi masa illa ba. Na zaɓo waɗanda suka fi shafar jama'a, na gajarta wasu saboda ƙarancin fili, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Bukuru amma ina koyarwa a wani ƙauye da ke gefen Barikin Ladi, kuma a kan babur ɗina nake zuwa kullum. Nakan fita da misalin ƙarfe shida da kwata. Ina sa singileti da riguna biyu da suwaita biyu masu kauri, amma duk da haka nakan isa makaranta jikina yana kyarma, har sai na ɗauki lokaci kafin in iya riƙe alli. Abokan aikina da ke zuwa a mota suwaita ɗaya ta ishe su. Shin jikina ne ba shi da ƙwari, ko akwai abin da ban yi daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa yaranmu. Ba na jin matsalar daga jikinka take. Lokacin da kake fita da irin kayan da kake sawa su ne suka haɗu suka ba ka wahala, kuma na biyun yana da gyara cikin sauƙi.

Jos tana bisa tudun da ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma a ƙa'ida duk hawan mita 1,000 zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa wanda ya taso daga Akwanga ko Lafiya yake fara neman rigar sanyi da zarar ya gama hawa Hawan Kibo. A watannin Disamba da Janairu awon dare a Jos kan sauka zuwa digiri 11 ko 12, wasu dararen ma ya gangara ƙasa da 10. Ƙasa kan kwana tana sakin zafin da ta tara da rana, musamman da yake babu gajimaren da zai tare shi a wannan lokaci, saboda haka sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana, ita kuwa ba ta ɓullowa a waɗannan watanni sai wajen shida da rabi ko bayan haka. Ka ga ke nan kana kan hanya daidai lokacin da sanyin ya kai maƙura. Bugu da ƙari, iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, takan gangara ta taru a kwari da bakin rafi da kewayen tsofaffin kududdufan haƙar kuza da suka cika yankin Bukuru da Barikin Ladi, kuma na tabbata ka lura akwai wuraren da in ka shiga sai ka ji sanyin ya ninka farat ɗaya.

Duk wannan bai kai aikin iska ba, kuma a nan gizo ke saƙa. Jikin mutum yakan ɗumama 'yar iskar da ke manne da fatarsa da wadda ke maƙale cikin tufafinsa, ita ce kuma ke kare shi daga sanyi. Abokin aikinka da ke cikin mota yana zaune da tasa iskar mai ɗumi babu abin da ya taɓa ta, kai kuwa gudun babur yana kwashe taka yana musanya ta da mai sanyi, jikinka ya sake ɗumama sabuwa, ita ma a kwashe, haka har ka isa. Bisa lissafin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka fara aiki da shi a shekarar 2001, idan awon gari digiri 10 ne kuma iska na bugun mutum da gudun kilomita 60 a awa, fatarsa tana rasa zafi kamar wanda ke tsaye a digiri 5. Abin lura a lissafin shi ne, a gudun kilomita 40 sakamakon kusan digiri 6 ne, a gudun 80 kuma kusan 4. Rage gudu yana da amfani ta fuskar tsira daga haɗari, amma ɗan kaɗan yake ragewa daga sanyin, don haka dole maganin ya fito daga tufafi.

Suwaita saƙa ce, cike take da ƙananan kafofi. Amfaninta shi ne ta riƙe iska mai ɗumi a cikin waɗannan kafofi, kuma ba za ta iya ba sai in akwai wani abu a samanta da ya tare iskar waje. Sa suwaita biyu a kan babur ba tare da wannan kariya ba tamkar tara ruwa ne a kwando. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka rage suwaita ɗaya, ka sayi jaket wanda iska ba ta ratsa shi, na fata ko na leda mai kauri, mai zif har wuya. A ɓangaren 'yan gwanjo na kasuwar Katako za ka samu a farashin da albashin malami zai iya ɗauka. Kafin ka biya, ka kara yadin a bakinka ka hura da ƙarfi, ka sa tafin hannunka a ɗaya gefen. In ka ji numfashinka ya ratso, to iskar hanya ma za ta ratso. Ka zaɓi wanda ya ɗan fi ka girma, domin in ya matse suwaitar da ke ƙasa ya kore iskar da ake so ta riƙe. Kafin ka samu kuɗin, rigar ruwan da ka ajiye tun ƙarshen damina za ta yi wannan aiki sarai, kuma ko tsofaffin jaridu ka ninka ka shimfiɗa a ƙirji tsakanin suwaita da rigar sama za ka ji bambanci. Masu tseren keke a duwatsun Turai sun daɗe suna yin haka in za su gangaro daga tsauni.

Rigar da ke taɓa fata ma tana da muhimmanci. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, ruwa kuwa yana janye zafin jiki fiye da busasshiyar iska ninki 25 ko kusa da haka, shi ya sa wanda ya yi gumi wajen fito da babur da buga kik yakan fi kowa jin sanyi bayan ya hau titi. Riga mai dogon hannu irin yadin rigunan 'yan ƙwallo ta fi singiletin auduga dacewa. Sai kuma ka toshe mashigan iska, wato wuya da bakin hannun riga da ƙugu da bakin ƙafar wando. Ka tura rigar ciki cikin wando, ka tura bakin wando cikin safa, kada kuma ka manta da gwiwa da cinya, waɗanda su ne a gaba wajen karɓar iska amma yawancin mahaya sukan bar su da wandon yadi fallan ɗaya. Ka ƙara wani wando a ciki, ko ka ɗora wandon ruwa a sama. Ka kuma karya kumallo kafin ka fita, ko da koko da ƙosai ne, domin da abinci jiki ke samar da zafi. Da rana awon Jos kan koma kusan digiri 28, saboda haka ka riƙe jakar da za ka zuba kayan in za ka dawo.

Tambaya: Barka da aiki, Baba. Ni matashi ne, sana'ata ɗauko kayan lambu da dankalin Turawa a babur daga gonakin rani na wajen Vom zuwa inda motocin kasuwar Farin Gada ke lodi. Jikina bai cika damuna ba, hannuwana ne matsalar. Kafin in yi rabin tafiya yatsuna sun sandare, in na zo kama birki sai in ji kamar ba hannuna ba. Nakan tsaya in ɗora su a jikin inji ko kusa da salansa su ɗan farfaɗo. Akwai dabarar da ta fi wannan?

Amsa: Ɗana, wasiƙarka ta fi kowacce tayar mini da hankali, domin abin da ka bayyana batun rai ne. Idan sanyi ya kama mutum, jikinsa yakan tsuke jijiyoyin jinin da ke zuwa hannuwa da ƙafafu don ya tattala ɗumi ga zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Hannun mai babur kuma shi ne a gaba cikin iska, a dunƙule, ba ya motsi sosai. Masu binciken aiki a wurare masu sanyi sun nuna cewa da zarar zafin fatar yatsu ya sauka zuwa wajen digiri 15, ƙwarewar hannu takan ragu ƙwarai. To ka duba aikin da ka damƙa wa waɗannan yatsu: hannun dama ke riƙe da totur da birkin gaba, wanda shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayar da babur, na hagu kuma ke riƙe da kuloci. A gudun kilomita 60 babur yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen matse birki ya isa ya haɗa ka da bayan tirela ko da yaron da ya tsallako titi, balle kana ɗauke da buhuna masu nauyi da ke ƙara nisan tsayawa.

Ka fara da karanta amsar da na ba malamin Bukuru, domin ko da ba ka jin sanyi a ƙirji, sai gangar jiki ta yi ɗumi sosai sannan take sakar wa hannuwa jini. Daga nan sai safar hannu. Saƙaƙƙun nan da ake talla a bakin titi iska na ratsa su kamar yadda take ratsa suwaita, amfaninsu kawai a sa su a ciki. Ka nemi ta fata mai shafi a ciki, mai dogon wuya da zai hau kan bakin hannun jaket. Kada ta matse ka, domin matsi yana ƙara hana jini gudu, kada kuma ta yi kaurin da ba za ka ji birki a yatsunka ba. Ka je da babur ɗin wurin saye, ka gwada matse birki da kuloci da danna oda kana sanye da ita. Akwai kuma garkuwar roba da ake ɗaurawa a gaban mariƙin babur don ta tare wa hannu iska, masu sayar da kayan gyara suna da ita, wasu mahaya kuma sukan yanka tsohon galan su yi tasu. Tana aiki ƙwarai, amma da sharaɗin a ɗaure ta tamau, a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a tabbatar ba ta taɓa komai, domin in iska ta turo ta ta danne birkin gaba ana cikin gudu, faɗuwa ce.

Ɗora hannu a inji ko salansa kuwa ka daina daga yau. Fatar da ta sandare ba ta jin zafi sai bayan ta ƙone, kuma bututun hayaƙi kusa da inji yana kai zafin digiri ɗaruruwa. Haka ma kara hannu dab da wutar kara ko gawayin mai shayi. Hanya mafi aminci ita ce ka tsaya a wurin da babu iska, ka cire safar, ka cusa hannuwanka ƙarƙashin hammata a cikin jaket, ka wurwura damatsa, ka ɗan yi tattaki, in akwai mai shayi ka rungumi kofi da hannu biyu. Ga gwajin da za ka riƙa yi: ka taɓa ƙaramin yatsanka da babban yatsa. In abin ya yi maka wuya, to hannun bai cancanci riƙe birki ba tukuna, komai saurin da masu lodi ke yi. Ƙafa ma haka take, tunda ita ke taka birkin baya da sauya giya. Silifa ba takalmin hawa babur ba ne a kowane lokaci, balle a hunturu. Ka sa safa mai kauri da takalmi sau-ciki wanda ya rufe idon sawu. Man kaɗanya da dare yana hana tsagewar fata da faso.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Hular kwanona ba ta shiga in na sa hular sanyi mai kauri, saboda haka nakan ajiye ta har sanyi ya wuce, tunda tafiyar tawa ba ta wuce daga Rikkos zuwa wurin aikina a hanyar Bauchi. Ko na sa ta ma, gilashin yakan yi gumi da numfashina in kasa ganin hanya. Ina ganin laifin bai taka kara ya karya ba, ko ya Malam ya gani?

Amsa: Ɗan'uwa, ya taka har ya karya, kuma ina roƙonka ka ɗauko hular nan gobe da safe. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano tun ranar 1 ga Janairun 2009, kuma dokar ba ta ware lokacin sanyi ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa sun nuna cewa sa hular yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, yana kuma rage raunin kai da kashi 69. Ka ajiye ta ne kuwa a watannin da aka fi buƙatarta, lokacin da hazo ya rage gani, yashi ya kwanta a gefen titi, hannuwan mahaya suka sandare, direbobi kuma suka rufe gilasan motocinsu ba sa jin odarka. Gajartar tafiya ba ta rage taurin kwalta.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, hular kwano mai rufe fuska da haɓa ta fi hular sanyi ɗumi a kan babur, saboda iska ba ta ratsa ta, kuma soson da ke cikinta yana riƙe zafin kai. In kana son ƙari, akwai siririyar hula mai rufe kai da kunnuwa da wuya wadda ke barin ido kawai a waje, an yi ta ne don a sa ta ƙarƙashin hular kwano. Kada ka sayi hular da ta yi maka yawa don ta hau kan mai kauri, domin hular da ke rawa a kai takan fice lokacin faɗuwa, haka ma wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba.

Gumin gilashi kuwa numfashinka ne mai ɗumi da laima yake sauka a kan roba mai sanyi. Ka ɗaga gilashin faɗin yatsa ɗaya in ka tsaya ko kana tafiya a hankali, ka buɗe kafar iskar da ke wajen haɓa in hularka na da ita, ka kuma saba fitar da numfashi ƙasa. Ɗigon sabulun ruwa ɗaya, a shafe cikin gilashin da shi a goge da tsumma mai laushi har ya ɓace, yana hana gumin na 'yan kwanaki. Ƙurar da ta kwanta a waje kuma da ruwa ake wanke ta. Goge ta a bushe yana karce gilashin, karcen kuma shi ke watsa hasken fitilun motoci a idonka. Baƙin gilashi bai dace da tafiyar asuba ba.

Tunda maganar gani ta taso, bari in ƙara da hazo. Ƙurar nan daga Hamadar Sahara take tasowa, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet takan yi gargaɗi a ranakun da gani zai ragu zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka. A irin waɗannan ranaku ka kunna fitilar gaba ta ƙasa ko da gari ya waye, ka tabbatar jar fitilar baya na aiki, ka ɗora riga mai ƙyalli a kan jaket ɗinka tunda yawancin rigunan sanyi baƙaƙe ne, ka kuma ba motar da ke gabanka tazara fiye da yadda ka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Maigidana ne ke kai yaranmu uku makaranta a babur daga Unguwar Rogo, ƙaramin yana zama a kan tanki. Ta tsakiyar tana da ciwon sikila, kuma na lura ciwon ya fi tasar mata a wannan lokaci. Ina naɗe su da mayafi da majanyi, amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya su, ya ba yarinyar lafiya mai ɗorewa. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, likitoci ma sun san shi. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ƙwayoyin jinin mai sikila kuma sukan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ke tashi. Ƙarancin ruwa a jiki ma yana tayar da shi, kuma hunturu ya haɗa duka biyun, domin iskar a bushe take ƙwarai, sanyi kuma yana hana yaro jin ƙishirwa. Ra'ayina shi ne yarinyar nan kada ta hau babur da sassafe har sanyi ya wuce. Tun da aka taƙaita acaba a cikin Jos da Bukuru keke mai ƙafa uku ya wadata; ki nemi wanda ke da labulen leda a gefe, ta zauna a tsakiya, ta tafi da gorar ruwa mai ɗumi. Ki kuma sanar da likitan da ke duba ta yadda ciwon ke ƙaruwa, ki yi magana da shugaban makarantar ko za a yi mata uzurin makara a ranakun da jaura ta tsananta.

Sauran biyun ma suna buƙatar kulawa, domin jikin yaro ya fi na babba saurin rasa zafi, kuma a kan babur zaune yake ba ya motsi. Wanda ke kan tanki shi ke karɓar dukkan iskar kafin ta isa ga mahaifinsa, kuma wurin ya fi ko'ina haɗari in aka taka birki da ƙarfi. Ki roƙi maigida cikin lalama ya daina ɗora shi a nan. Yaron da ƙafarsa ba ta kai matakin babur ba bai isa hawa ba tukuna, wanda ya isa kuma yana buƙatar hular kwano daidai kansa.

Mayafi da majanyin da kike naɗa musu su ne suka fi ba ni tsoro. Duk wani yadi mai lilo, ko mayafi ko gyale ko dogon hijabi ko rawani ko hannun babbar riga, yana iya shiga tayar baya ko sarƙa, ya fizgo mutum ƙasa ko ya shaƙe shi cikin ƙiftawar ido. Ki sa musu rigar sanyi mai zif da safa da safar hannu, abin da ya rufe wuya kuma a tura bakinsa cikin riga. Ke ma in za ki hau, ki tattare hijabinki da zanenki ki zauna a kansu.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a Nasarawa Gwong. Babur ɗina Boxer ne, lafiyarsa ƙalau da rana, amma da asuba sai na yi ta buga kik har in gaji kafin ya tashi. Bakanike ya ce ba abin da ya lalace.

Amsa: Baba, mai yiwuwa bakaniken ya faɗi gaskiya. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin sanyi, inji kuma tururin yake ƙonawa, shi ya sa aka yi wa babur mai kafireto cok, wanda ke rage iskar da ke shiga don man ya yi yawa a haɗin. Ka ja cok, ka taka kik sau biyu ko uku a hankali kafin ka murɗa makulli don baƙin man da ya yi kauri cikin dare ya motsa, sannan ka kunna ka buga ba tare da ka murɗa totur ba. In ya tashi ka bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu, ka mayar da cok, ka fara tafiya a hankali. Mantawa da cok a jaye yana shan mai yana kuma baƙanta fulogi. Batir ma ƙarfinsa na raguwa a sanyi. In duk da haka yana gardama, a duba fulogi da matatar iska, domin ƙurar hunturu takan toshe matatar da wuri, tana kuma haɗuwa da man sarƙa ta riƙa cinye ta, don haka a wanke sarƙar da kananzir a ɗiga mata mai kaɗan. Iskar taya tana raguwa in gari ya yi sanyi, ka sa mai faci ya auna ta da safe kafin tayar ta ɗauki zafi, ka kuma bi kwanar farko a hankali domin taya mai sanyi ba ta kama kwalta sosai. Gargaɗi biyu nake so ka riƙe, Baba: kada a hura wuta ƙarƙashin inji don ɗumama shi, kada kuma a bar shi yana aiki a cikin zaure ko ɗaki a rufe, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid mai kisa, wadda ba ta da launi ba ta da wari.

Tambaya: Ina yini, Malam. Nakan yi doguwar tafiya a babur daga Jos zuwa Akwanga da asuba. Wasu abokaina sun ce in riƙa kurɓar abin da zai ɗumama jini ko in haɗiyi ƙwaya kafin in tashi, wai yana hana sanyi shiga ƙirji ya zama nimoniya. Mene ne gaskiyar wannan?

Amsa: Lafiya lau, ɗan'uwa. Shawarar abokanka mai haɗari ce, kada ka bi ta. Barasa tana buɗe jijiyoyin jinin da ke kusa da fata, sai mutum ya ji ɗumi a fuska da hannu alhali zafin cikin jikinsa ne ke tsiyayewa waje, tana kuma rage kyarmar da jiki ke yi don samar da zafi. Ƙwayoyi irin su taramol suna dushe jin sanyin ne kawai, su kuma dushe hankali, mutum ya tunkari gangaren Hawan Kibo da kwanoninsa cikin manyan motoci ba ya cikin hayyacinsa. Taba ma tana tsuke jijiyoyin yatsu ta ƙara sandarar da su. Shayi mai citta, ko kunun gyaɗa, ko ruwan ɗumi a fulas sun ishe ka, tare da abinci a ciki da tsayawa a Riyom ko wani gari ka motsa jiki kafin ka fara gangara.

Nimoniya kuwa ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Gaskiyar da ke cikin maganar mutane ita ce busasshiyar iska mai sanyi da ƙura suna raunana kariyar hanci da maƙogwaro, suna kuma tayar da asma, don haka takunkumin da ya rufe hanci da baki yana da amfani. Tari da zazzaɓi da ciwon ƙirji ko haki alamu ne na a je asibiti ba tare da jinkiri ba.

Abin da ya fi kusa da kai a doguwar tafiya shi ne zafin jiki ya faɗi. Daidaitaccen awon jikin mutum digiri 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, kuma hakan na iya faruwa ko babu ƙanƙara, musamman in tufafi sun jiƙe, shi ya sa ruwan watan Agusta a Jos ma abin kiyayewa ne. Alamun farko su ne kyarma mai ƙarfi, da nauyin baki, da kuskuren sauya giya, da gyangyaɗi, da mantuwar inda aka wuce. Duk wanda ya ga haka a kansa ko a fasinjansa ya sauka daga titi nan take, ya shiga wurin da babu iska, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari in yana iya haɗiya. In kyarmar ta tsaya alhali jikin na nan da sanyi, ko mutum ya fara sambatu ko ya kasa tsayuwa, a kwantar da shi a mota a lulluɓe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.